Manyan tashoshin jirgin ƙasa na birnin Paris

Paris, babban birnin Faransa, ba shi da tashar jirgin ƙasa ɗaya da ta haɗa dukkan layuka. Manyan tashoshinsa shida ne, kowace tana fuskantar wani sashe na ƙasar. Asalin hakan shi ne a ƙarni na 19 kamfanoni masu zaman kansu ne suka shimfiɗa layukan dogon, kowanne ya gina tasa tashar, kafin a haɗe su ƙarƙashin kamfanin SNCF a 1938.

Gare du Nord ce ta fi kowace tasha a Turai yawan fasinjoji. An buɗe ta a 1846, kuma daga nan ne jirgin Eurostar ke tashi zuwa Landan ta ƙarƙashin teku tun 1994. Jiragen Beljiyam da Holan ma a nan suke lodi. 'Yar tafiya kaɗan daga gare ta akwai Gare de l'Est, inda jirgin Orient Express ya fara tashi a 1883.

Mai zuwa kudu, wato Lyon da Marseille, ko Suwizalan da Italiya, sai ya nufi Gare de Lyon, inda jirgi mai gudun gaske na TGV ya soma aiki a 1981. Montparnasse ta masu zuwa yamma da Bordeaux ce. Saint-Lazare, wadda ta girme su duka tun 1837, tana kai wa Normandy, Austerlitz kuwa tsakiyar ƙasar.

Wanda zai sauya jirgi a Paris sau da yawa sai ya ratsa gari ta Metro, don haka ya kamata ya duba sunan tashar da ke jikin tikitinsa tun kafin ya bar masauki.