Tarihin Sa Ido kan Bijirewar Ƙwayoyin Cuta ga Magunguna

Bijirewa, wato halin da ƙwayoyin bakteriya ke kaiwa na daina jin maganin da a da yake kashe su, kusan sa'ar fenisilin ce, domin tun a 1940, kafin maganin ya wadata a asibitoci, Edward Abraham da Ernst Chain na Jami'ar Oxford suka gano wani sinadari da wasu ƙwayoyin ke fitarwa yana lalata shi. Sai dai sanin cewa abu yana faruwa daban, sanin yawansa kuma daban, shi ya sa masana ke ɗaukar aikin Dokta Mary Barber a asibitin Hammersmith da ke Landan a matsayin ɗaya daga cikin tushen wannan fanni. Ta bi diddigin ƙwayar stafilokokas, mai haddasa maruru da ruɓewar rauni, ta nuna cewa waɗanda fenisilin ba ya ci sun tashi daga kashi 14 cikin ɗari a 1946 zuwa kashi 59 a 1948, kuma a cikin asibitin suke yaɗuwa, galibi ta hanyar ma'aikatan jinya.

Ƙidaya irin wannan ba ta da amfani ga ƙasa baki ɗaya muddin kowane ɗakin gwaji da nasa ma'auni. Wannan giɓi ne William Kirby da Alfred Bauer da abokan aikinsu suka cike a birnin Seattle na Amurka a 1966, inda suka daidaita hanyar ɗora 'yar takarda mai jiƙe da magani a kan farantin da aka shuka ƙwayar cuta, a bar shi ya kwana, sannan a auna faɗin filin da ƙwayar ta kasa tsirowa. Sauƙin wannan dabara, ba ƙwarewarta kaɗai ba, shi ya kai ta asibitocin duniya.

Denmark ta kafa tsarin sa ido na ƙasa a 1995, wanda ya haɗa mutane da dabbobi da abinci, amma sai a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da nata mai suna GLASS. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma a yammacin Afirka ne mutuwar ta fi tsanani gwargwadon yawan jama'a, yankin da ɗakunan gwaji suka yi ƙaranci, ake kuma sayen kafso a kemis da hannun 'yan talla ba tare da takardar likita ba.