Daga Landan Zuwa Zermatt: Tarihin Haɗa Jiragen Ƙasa Zuwa Wani Ƙauyen Kan Dutse

Zermatt ƙauye ne a kudancin ƙasar Siwizalan, a ƙarshen wani kwari mai tsawo cikin duwatsun Alps, kimanin mita 1,600 bisa teku. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19 mazaunansa manoma ne da makiyaya, baƙonsu kuwa bai wuce ɗan tsirarun masu sha'awar hawan dutse ba. Abin da ya fito da sunansa duniya shi ne abin da ya auku ranar 14 ga Yuli, 1865, sa'ad da wani Baturen Ingila, Edward Whymper, da abokan tafiyarsa shida suka zama na farko da suka kai ƙololuwar dutsen Matterhorn, amma huɗu daga cikinsu suka faɗo suka hallaka wajen saukowa. Maimakon wannan labari ya tsorata jama'a, sai ya ƙara musu kwaɗayin ganin wurin.

To, amma isa can ba ƙaramin aiki ba ne. Layin dogon da ke bin kwarin kogin Rhone bai kai garin Visp ba sai a 1878, daga nan kuma akwai sauran tafiyar kilomita 35 wadda wani ɓangarenta sai a ƙasa ko bisa alfadari. A 1891 ne aka gama shimfiɗa dogo daga Visp zuwa Zermatt, bayan jayayya da masu filaye waɗanda ba su so rabuwa da gonakinsu ba. Saboda ƙuncin kwarin, an yi shi da faɗin mita ɗaya, alhali kuwa manyan layukan Turai milimita 1,435 ne. A wuraren da hawa ya yi tsanani kuma an sa wani ƙarfe mai haƙora a tsakiya domin injin ya riƙa kamawa. Ma'anar wannan ita ce, duk taragon da ya taso daga Faransa ba zai iya wuce Visp ba, tilas fasinja ya sauka da kayansa ya shiga ƙaramin jirgi. Wannan tilas tana nan har yau.

Idan aka dubi matafiyin da ya taso daga Landan a wancan zamani, za a ga yawan gaɓoɓin da tafiyarsa ta rataya a kansu. Zai shiga jirgi zuwa Dover, ya ƙetare teku a jirgin ruwa zuwa Calais, ya sake shiga wani zuwa Faris. A Faris kuma tashar da ya sauka dabam, wadda zai tashi dabam, sai ya ratsa gari a keken doki. Sa'an nan ya bi ta Dijon zuwa bakin iyaka, inda 'yan kwastan za su duba kayansa, ya wuce Lausanne, ya bi kwarin Rhone har Visp. In gaɓa ɗaya ta kuɓuce masa, na ƙarshe ya tafi ya bar shi, sai ya kwana a hanya.

Abin da ya fi rikita lissafi shi ne agogo. Ingila tana bin lokacin Greenwich. Faransa tana bin na Faris, wanda ya riga na Greenwich da minti 9 da 'yan daƙiƙoƙi, amma agogon cikin tashoshinta ana jinkirta shi da minti 5 don rangwame ga masu makara. Siwizalan kuwa lokacin birnin Bern take bi, wanda ya riga na Greenwich da kusan rabin sa'a. Watau ƙarfe goma ba abu guda ba ne a tafiya guda. Sai a 1894 Siwizalan ta koma kan lokacin Tsakiyar Turai, Faransa kuma ba ta daidaita agogonta da na Greenwich ba sai a 1911.

Wannan ruɗani ne ya haifi wata sana'a, ta tsara wa mutane tafiya. Littafin jadawalin jiragen nahiyar Turai na Bradshaw ya fara fitowa a 1847. Thomas Cook ya jagoranci ayarinsa na farko zuwa Siwizalan a 1863, kamfaninsa kuma ya fara buga nasa jadawalin a 1873, ga kuma ƙunshin tikitoci da yake sayarwa wanda matafiyi zai riƙa yagar ɗaya ɗaya yana miƙawa a kowane layi. Ana yawan yabon injiniyoyin da suka huda duwatsu, sun kuwa cancanta, amma da wuya a ce gudummawar waɗannan littattafai ta gaza tasu, domin dogon da ba a san lokacin jirginsa ba amfaninsa kaɗan ne ga baƙo.

Hanyar ƙarƙashin dutse ta Simplon ta buɗe ƙofa daga Italiya a 1906, ta Lötschberg daga Bern a 1913. An sa wa layin Zermatt lantarki a 1929. Duk da haka da bazara kaɗai jirgi ke zirga-zirga sosai, saboda ƙanƙarar da ke gangarowa ta toshe hanya. Sai daga 1933, bayan an gina rumfunan kariya, aka soma kaiwa har ƙauyen duk shekara. Daga nan ne lokacin sanyi, wanda a da shi ne lokacin kaɗaici, ya zama kakar cinikin garin.

A 1982 Siwizalan ta ɗauki tsarin da kowane jirgi ke tashi a minti guda cikin kowace sa'a, ta yadda jirage za su haɗu a manyan tashoshi, fasinja ya sauka daga wannan ya tarar da wancan yana jira. Hanyar ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa ta kawar da jirgin ruwa daga lissafi a 1994, sabon ramin Lötschberg kuma ya rage nisan Bern zuwa Visp a 2007. Yanzu ana iya barin Landan da safe a kwana a Zermatt. Amma har yanzu sai an sauya tasha a Faris, sai an sauya jirgi a Visp, mai mota ma sai ya ajiye ta a Täsch ya ƙarasa a jirgi, domin an hana motocin baƙi shiga ƙauyen. Wanda kuma ya sayi tikitocinsa daga kamfanoni dabam-dabam, in jirgin farko ya makara, ba lallai ne kamfani na gaba ya ɗauki alhakin jinkirin ba.