Kaskar da Ta Hana Doki Biza

Yau tarihin wata cutar dawakai zan ba ku. Kar ku gudu tukuna, labarin zai iso har ƙofar gida.

Mu fara da Afirka ta Kudu, lokacin yaƙin Ingila da Turawan Bowa, 1899 zuwa 1902. Ingila ta yi ta kwaso dawakai ta jirgin ruwa, ta yi asarar sama da 300,000. Yunwa da wahala sun kashe da yawa, amma akwai wani zazzaɓi da ya addabi waɗanda aka shigo da su: ido ya yi rawaya kamar mai shawara, fitsari ya yi duhu, doki ya ƙi cin abinci. Dawakan ƙasar kuwa, yawanci ko a jikinsu.

Wani likitan dabbobi ɗan Suwizalan, Arnold Theiler, ya aika samfurin jinin Faransa wurin Alphonse Laveran, wanda ya gano ƙwayar maleriya a 1880. A 1901 Laveran ya bayyana wata ƙwaya da ke shiga jajayen ƙwayoyin jinin doki tana fasa su. Yau ana kiranta Theileria equi, kuma kaska ce ke yawo da ita daga doki zuwa doki.

To ga inda abin ya fi ɗaure mini kai. Dokin da ya warke, galibi ƙwayar tana nan a jininsa har ya mutu. Sirrin dawakan ƙasar ke nan: sun kamu tun suna ƙanana, jiki ya saba. Lafiyayye a ido, amma rumbu ne ga kaska.

Shi ya sa Amurka ke gwada jinin doki kafin ya shiga ƙasarta. Ko a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, sai da aka kai ruwa rana kafin a yarda masu ƙwayar su shigo, kuma killace su aka yi daban.

Mu fa? Likitocin dabbobi sun sha samun ƙwayar a jinin dawakan Arewa da ba su nuna alamar komai ba. Ku duba yadda muke tara dawakai daga gari-gari a hawan sallah, turke kusa da turke. Ni allura ta fi tsorata ni ma: in ɗan barga ya soka wa doki biyar allura ɗaya, ya yi wa kaska aikinta, kuma dokin da aka sayo da tsada daga inda babu cutar shi zai fara kwanciya.