Tashin hankali da lafiyar ƙwaƙwalwa a yankin noman rani na Kura da Bunkure

Tashin hankali da lafiyar ƙwaƙwalwa a yankin noman rani na Kura da Bunkure batu ne na fannin lafiyar al'umma da ke duba yadda rikici, haɗurran hanya, asarar amfanin gona da shaye-shaye ke taɓa hankalin mazauna garuruwan da ke noma da ruwan madatsar Tiga a kudancin birnin Kano, da kuma hanyoyin da ake bi domin rage illarsu. Likitan asibiti yana duba marar lafiyar da aka kawo masa ne, shi kuwa ma'aikacin lafiyar al'umma yana tambayar abin da ya sa irin wannan marar lafiya ke yawaita a wuri guda, da abin da za a gyara tun kafin a kawo na gaba.

Yankin

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala ta a 1974. Daga can ruwa ke gangarowa ta babbar magudana, ya ratsa Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi zuwa gonakin ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam. An tsara kashin farko na aikin ya kai kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Shinkafa, tumatir, alkama, albasa da masara su ne manyan amfanin gonar yankin. Daga shekarar 2014 Bankin Duniya ya tallafa wa wani shirin gwamnatin tarayya mai suna TRIMING, wanda ya haɗa da gyaran magudanan ruwa da ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa.

Ruwan ya sauya tsarin rayuwa. Inda a da ake hutawa ko tafiya ci-rani bayan kaka, yanzu aiki ba ya yankewa duk shekara, har ma 'yan ƙwadago daga wasu garuruwa ke shigowa. Kuɗi ya shigo, ƙasar noma ta yi daraja, bashi ma ya ƙaru. Kusan duk abin da ke tayar da hankali a yankin yana da alaƙa da ɗaya daga cikin waɗannan ukun.

Tushen wannan fanni

A shekarar 1996 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya ayyana tashin hankali a matsayin ɗaya daga cikin manyan matsalolin lafiyar al'umma. A 2002 hukumar ta fitar da rahotonta na farko a kan tashin hankali da lafiya, inda ta kasa shi gida uku: wanda mutum ke yi wa kansa, wanda ke faruwa tsakanin mutane kamar miji da mata ko maƙwabta, da wanda ƙungiya ke yi wa jama'a. Tsarin da ake bi shi ne a fara gane girman matsalar, a gano abubuwan da ke haddasa ta da waɗanda ke kare mutane daga gare ta, a gwada magani a ƙaramin wuri, in ya yi aiki a faɗaɗa shi. Tsarin da aka bi wajen yaƙi da shan inna ke nan, wanda mutanen Kano sun san shi sosai.

Nijeriya tana da nata tarihi a nan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya soma tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, suna zuwa asibiti da rana, har ma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Ana yawan ambaton wannan gwaji a matsayin ɗaya daga cikin misalai na farko na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin al'umma.

Abubuwan da ke jawo firgici da damuwa

Mafi munin harin da yankin ya gani a shekarun rikicin Boko Haram shi ne na ranar 27 ga Nuwamba, 2015, lokacin da wani ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a tsakiyar masu tattakin Arba'in na mabiya Shi'a a garin Dakasoye, a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Mutum fiye da 20 suka rasu. Bayan waɗanda suka mutu da waɗanda suka jikkata, akwai mutanen gari da suka kwashe gawarwaki, da yaran da suka gani da idonsu. Irin waɗannan ba a cika sa su cikin lissafi ba, alhali su ne ke zama da abin shekara da shekaru.

Ita kanta hanyar Kano zuwa Zariya, wadda ta ratsa yankin, ta fi bam cin rayuka idan aka haɗa shekaru. Manyan motoci, motocin tumatir, babura da masu tsallakawa zuwa kasuwa duk a kanta suke. A ƙarshen watan Mayun 2025 motar da ta ɗauko tawagar 'yan wasan jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa ta faɗa daga kan wata gada a wannan hanya, mutum fiye da 20 suka rasu. Mutanen ƙauyukan bakin titi su ne ke fara isa wurin haɗari kafin jami'ai.

Saɓanin manoma da makiyaya ya sha bamban da na yankunan noman damina. A can, da zarar an yi girbi sai a saki dabbobi su ci harawa da kara, manomi ya samu taki. A yankin ban ruwa kuwa gona ba ta zama fanko, kuma lokacin da ciyawa ta ƙare a daji shi ne lokacin da tumatir da alkama ke kore shar a bakin ruwa. Inda noma ya cinye burtali da mashaya, ɓarna takan auku, daga nan sai cacar baki, wani lokaci har da jikkata. Tsakanin manoman kansu ma ana samun rigima a kan rabon ruwa, musamman tsakanin na kusa da bakin magudana da na can ƙarshe, waɗanda ruwa ke isa gare su a makare ko ya ƙi isa, da kuma rigimar iyaka da ta gadon gona.

Asara ita ma tashin hankali ce, ko da ba a zubar da jini ba. A 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, a shekarar da aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda ta dakatar da aiki saboda rashin tumatir. A shekarar albarka kuma sai kaya ya cika kasuwar Kwanar Gafan, farashi ya faɗi. Manomin da ya ci bashin taki da iri da man injin ban ruwa yakan shiga halin rashin barci, saurin fushi da ƙaurace wa mutane, kuma sau da yawa iyalinsa ne ke fara ɗanɗana wannan fushi.

Shaye-shaye

Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu mai bugarwa a Nijeriya cikin shekara guda, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi yawa a Arewa maso Yamma. A watan Mayun 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A garuruwan noma, ƙwayar tiramadol takan shigo ne da sunan maganin gajiya, wato abin da ɗan ƙwadago zai sha ya yini yana dashen shinkafa ko lodin buhuna. Saboda haka wa'azi kaɗai bai cika isa ba matuƙar ladan aikin na bin yawan abin da mutum ya yi ne a yini.

Akwai kuma maganin ƙwari, wanda kusan babu gidan manomin da ba a ajiye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa shan gubar feshi na cikin manyan hanyoyin kashe kai a ƙasashen manoma, kuma ƙasar Siri Lanka ta rage yawan masu mutuwa ta haka ƙwarai bayan ta haramta mafi haɗarin cikinsu. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni da shaguna. Kulle maganin feshi nesa da ɗakin kwana da hannun yara yana cikin matakai mafi arha a wannan fanni.

Yadda ake fahimtar ciwon

Bahaushe yana da kalmomi da yawa a nan: firgita, razana, damuwa, ɓacin rai, ciwon zuciya, taɓin hankali, shafar iska. Wanda ya ga mummunan abu yakan yi ta ganinsa a mafarki, ya zabura da ƙaramin ƙara, ya guji wurin da abin ya faru. Ga yawancin mutane wannan yana lafawa cikin 'yan makonni idan suna tare da dangi. Idan ya haura wata guda yana hana mutum aiki da barci, likitoci na ɗaukarsa ciwon da ke bukatar magani. Amma da wuya marar lafiya ya ce wa ma'aikacin asibiti yana cikin damuwa. Zai ce kansa na ciwo, ko gabansa na faɗuwa, ko jikinsa ya mutu, sai a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ya koma gida.

Galibi wurin malami ake fara zuwa, a yi ruƙiyya ko rubutun sha. Ma'aikatan lafiyar al'umma ba su cika ganin amfanin jayayya da wannan ba, sun fi neman malamin ya san alamomin da zai ce a wuce asibiti, kamar farfaɗiya, ƙin cin abinci, ko maganar kashe kai. Inda aka ja layi shi ne ɗaure mutum da mari da dukansa. A ƙarshen 2019, bayan samamen 'yan sanda a Kaduna da Daura, an rufe gidajen mari da dama, har da na Kano.

Hanyoyin taimako

Asibitin masu taɓin hankali yana Dawanau ne, a arewa maso yammacin birni, don haka mutumin Bunkure sai ya ratsa Kano gaba ɗaya kafin ya isa. Akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da cibiyar gyaran hali a Ƙiru, da cibiyar Waraka a Asibitin Murtala, wadda ke karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai, ga jama'a fiye da miliyan 200. Wannan ya sa shirin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, ya karkata ga horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon damuwa, farfaɗiya da illar ƙwaya, su ba da maganin farko, su tura mai tsanani gaba. A Zimbabuwe an horar da tsofaffin mata suna sauraron masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, bincike kuma ya nuna hakan na rage ciwon.

Rigakafin rikici kuwa ya fi dogara da hukumomin da ke ƙasa. Mai unguwa, dagaci da hakimi ne ke fara sauraron ƙarar ɓarna, su zauna da arɗo, a kimanta asara a biya. Hukumar Hisbah, wadda dokar jiha ta kafa a 2003, tana sasanta rigingimun aure da na bashi. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na tsara ranar da kowane sashe zai sha, da yashe magudana, kuma jadawalin da kowa ya yarda da shi yana kashe rigima tun ba ta tashi ba. Rauninsu shi ne, sulhu kan rufe laifin da ya kamata ya je kotu, musamman fyaɗe da dukan mata, inda ake matsa wa wadda aka zalunta ta yi haƙuri don rufin asirin gida.

Doka

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin marar lafiya da shigar da kulawar cikin kiwon lafiya a matakin farko. A shekarar ce kuma jihar Kano ta samu dokar kare haƙƙin yara. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, abin da likitocin ƙwaƙwalwa ke neman a soke, domin yana sa iyalai ɓoye wanda ya sha guba maimakon su garzaya da shi asibiti.