Tarihin ads.txt: ƙaramin fayil ɗin da ya rage wa 'yan damfarar talla kasuwa

1/ Jama'a, ku gwada wani abu. Ku rubuta adireshin wata babbar jarida a burauza, misali nytimes.com, sai ku ƙara /ads.txt a ƙarshe. Za ku ga dogon jerin layuka ba hoto ba ado, kamar littafin lissafin ɗan kasuwa. Miliyoyin daloli ne suka salwanta kafin a ƙirƙiro shi. Ku biyo ni 🧵

2/ Ranar 27 ga Oktoba 1994, HotWired, shafin mujallar Wired ta Amurka, ya fara saka tallan hoto a saman shafi. AT&T na cikin kamfanonin farko da suka saya. Ciniki ne na kai tsaye: mai talla ya san mai shafi, a yi magana, a biya. Shi ke nan.

3/ Da shafuka suka yawaita sai rikici ya taso, domin kowane shafi da girman gurbin tallansa. A 1996 aka kafa ƙungiyar IAB a Amurka, aka tsayar da ma'auni. Mafi shahara shi ne 468x60. Ka zana talla ɗaya, ya shiga shafi ɗari.

4/ To wa za ka tuntuɓa idan kana son saka talla? A 1997 Dave Crocker ya rubuta takardar RFC 2142, wadda ta ba da shawarar sunayen imel na bai-ɗaya: info@, sales@, marketing@, abuse@, webmaster@. Shi ya sa har yau kake ganinsu ko'ina.

5/ Akwai kuma wata dabara tun 1994. Martijn Koster, ɗan ƙasar Holan, ya kawo robots.txt: fayil a ƙofar shafi da ke faɗa wa injunan bincike inda za su shiga da inda ba za su shiga ba. Hikimar ita ce wuri ɗaya, suna ɗaya, kowa ya san inda zai duba. Ku riƙe wannan.

6/ Wajen ƙarshen shekarun 2000 sayar da talla ya koma gwanjo tsakanin kwamfutoci. Kana buɗe shafi, kafin ka ƙifta ido an yi tayi, an sallama, talla ya bayyana. Tsakanin mai talla da mai shafi kuwa dillalai ne birjik, wannan ya miƙa wa wancan.

7/ A nan ɓaraka ta shigo. Mutum zai buɗe shafin banza, ya gaya wa gwanjon cewa shi ne wata babbar jarida. Kamar a liƙa tambarin kamfani a jikin jabun kaya. Mai talla ya biya tsada, ainihin jaridar ko sisi ba ta gani ba.

8/ A Disamba 2016 kamfanin tsaro White Ops ya fallasa wata damfara mai suna Methbot. Sun kwaikwayi shafuka sama da 6,000, kwamfutoci ne ke “kallon” tallan bidiyon ba mutane ba. Kamfanin ya ƙiyasta suna kwasar dala miliyan 3 zuwa 5 kullum. A 2021 kotu a Amurka ta ɗaure jagoran, Aleksandr Zhukov ɗan Rasha, shekara 10.

9/ A 2017 jaridar Financial Times ta Ingila ta yi nata binciken. Ta tarar ana sayar da gurbin tallan bidiyo da sunanta a kasuwannin gwanjo da yawa, alhali ita ba ta ma sayar da tallan bidiyo ta wannan hanyar. Kun ji fa.

10/ A watan Mayu 2017 IAB Tech Lab ta fito da ads.txt, da irin dabarar robots.txt. Mai shafi zai rubuta waɗanda ya yarje wa su sayar da gurbinsa. Kowane layi: sunan dillali, lambar asusu, sai DIRECT idan asusun mai shafin ne da kansa, ko RESELLER idan wani ne ke sayarwa a madadinsa.

11/ Me ya sa ya yi aiki? Ɗan damfara zai iya ƙarya da sunanka, amma ba zai iya rubutu a cikin shafinka ba. Mai saye ya duba fayil ɗin: in babu sunan dillalin, ba ciniki. Da Google ya fara aiki da shi a ƙarshen 2017, sai masu shafuka suka yi rububin sakawa.

12/ A 2019 aka ƙaro app-ads.txt don manhajojin waya, da sellers.json inda su ma dillalan ke bayyana waɗanda suke wakilta. A cikin ads.txt akwai gurbin CONTACT na saka imel ko lambar waya, kuma a 2022 aka ƙara OWNERDOMAIN don a san ainihin mai shafin.

13/ Amma kada a zuzuta. Fayil ɗin ba ya faɗin farashi, ko yawan masu karatu, ko su wane ne su. Kamfanin da ke son ɗaukar nauyin shafi kai tsaye har yanzu sai ya yi ta laluben hanyar tuntuɓa. Wasu shafukan kuma sun cika nasu da ɗaruruwan dillalan da ba su ma sani ba, sun sake buɗe ƙofar da aka rufe.

14/ Masu shafukan Hausa da ke amfani da AdSense, wannan gargaɗin na ads.txt da kuke gani a asusunku, ga asalinsa. Kada ku kwafi fayil ɗin wani, domin lambar asusunsa ce a ciki ba taku ba. Kada ku saka layin da ba ku san mai shi ba. Ku ajiye imel mai aiki inda za a gani, ku riƙa dubawa.

15/ Wanda ya gwada abin da na ce a farko, ya faɗa mana layi nawa ya tarar. A tura wa abokin da ke da shafi 🙏