Yadda Masana Suka Rarrabe Dangin Ƙudaje Masu Shan Jini

Makiyayi bai jira littafi ba kafin ya san bambancin tsando da bobuwa. Ya san wanda cizonsa ke kawo wa shanu sammore, ya kuma san kurmin da ba a kai garke. Amma sanin wane ne ɗan'uwan wane a cikin ƙwarin nan, wannan ya ci wa masana shekara fiye da 250.

A shekarar 1758 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya tara dukan ƙwari masu fiffike biyu a gida guda, ya kira su Diptera. Sauro da ƙudan gida da bobuwa duk suna ciki. Kama ya bi, musamman fasalin baki, har ya sa ɗan ƙaramin baƙin ƙudan rafi a cikin sauraye. Waɗanda suka biyo bayansa a Faransa suka lura da 'yan gashin nan biyu masu kamar ƙaho a kan ƙwaron. Na waɗansu gaɓoɓi ne da yawa, na waɗansu kuwa kaɗan ne. Da wannan aka raba gidan biyu: sauro da ƙudan rafi a ɗaki ɗaya, bobuwa da ƙudan gida a ɗaya ɗakin. Tsando bai sami sunansa na littafi ba, wato Glossina, sai a 1830.

To, a lokacin nan mutane suna ganin aikin nan wasan masu hutu ne. Abin ya sāke sa'ad da David Bruce ya nuna a ƙasar Zulu a 1895 tsando ne ke ɗaukar cutar dabbobi daga wannan zuwa wancan, Ronald Ross kuma a Indiya a 1897 ya ga ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro. Daga nan sunan ƙwaro ya zama batun rai da mutuwa. A 1911 Robert Newstead ya kasa tsando kashi uku: na kurmi, na bakin rafi, da na fili. Kashin nan uku ana amfani da su har yau, gama wanda zai sare daji don ya kori tsando dole ya san ko bakin rafi zai share ko kuwa dajin duka.

Kama da wane ba wane ba ce. Wani Bajamushe masanin ƙudaje, Willi Hennig, ya koyar a 1950 cewa ba za a ce biyu dangi ne don sana'arsu ɗaya ba, sai an sami alamar da suka gāda daga kaka guda. Da aka auna da wannan ma'auni, sai ga shi tsando ya fi kusa da ƙudan gida, mai sauka a kan tuwo, fiye da sauro. Ainihin 'yan ɗakinsa su ne ƙudajen nan masu faɗin jiki da ke maƙale wa doki da tumaki da jemage. Dukansu ba sa zuba ƙwai. Uwar takan riƙe tsutsa ɗaya a cikinta, tana ciyar da ita, sai ta ƙosa ta haife ta. Wurin sauro da bobuwa mace ce kaɗai ke shan jini, tsando kuwa namiji da tamace duk suna sha. Babban binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2011 ya nuna shan jini ya ɓullo dabam dabam a cikin ƙudaje aƙalla sau 12.

Inda rarrabewar ta fi taɓa talaka shi ne kan ƙudan rafi. An raɗa masa suna Simulium damnosum a 1903, a 1926 kuma Donald Blacklock ya tabbatar a Saliyo shi ne ke kawo tsutsar da ke makantar da mutanen bakin kogi. Amma akwai abin da ya ɗaure wa likitoci kai. A kurmi cutar ta fi tsayawa a ƙaiƙayi, a ƙasashen fili kuwa tana rufe idanun magidanta, har ƙauyuka su tashi su bar fadama mai albarka. Ido kuwa yana cewa ƙuda iri ɗaya ne.

A 1975 Charles Vajime, ɗan Nijeriya, tare da Robert Dunbar, suka duba zaren gado da ke cikin jakar yawun tsutsar da madubin likita, suka bayyana iri takwas. Ɗaya daga cikin na fili ya ci sunan kogin Sirba, wanda ke fitowa daga Burkina Faso ya faɗa Kwara a Nijar. Aiki ne na haƙuri, bai kuma sami yabon da ya kamace shi ba.

Shekara guda kafin wannan, a 1974, an soma babban shirin yaƙi da makantar kogi a ƙasashe bakwai, har da Nijar da Gana, hedkwatarsa tana Wagadugu. Jiragen sama suna zuba magani a inda ruwa ke gudu da ƙarfi, gama a nan tsutsar ke kama duwatsu da ganyaye. Sai kuma ƙudaje suka riƙa komowa kowace damina a kogunan da aka riga aka tsabtace. Sanin iri-iri ne ya tona asirin: na fili ne, iska ke kawo su daga ɗaruruwan kilomita, daga inda ba a zuba magani. Saboda haka aka faɗaɗa shirin zuwa ƙasashe 11. Daga 1987 aka sami ƙwayar Mectizan kyauta don a raba wa jama'a. An rufe shirin a 2002, a watan Janairu na 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cutar ta daina yaɗuwa a Nijar, ita ce ƙasa ta fari a Afirka da ta sami wannan shaida.