Yadda ake gane ƙarar bawul da yadda ake saita tafet a tsofaffin manyan motoci

Da yawa daga cikin motocin da ke kawo mana shanu daga Potiskum ko Maigatari zuwa karar Akinyele a Ibadan, Oko-Oba a Agege ko Lokpanta a Abiya, injinansu sun kwana biyu. Mota mai ɗauke da siminti in ta lalace a hanya, sai dai a yi jira. Mai ɗauke da shanu kuwa, kowace awa asara ce, don dabba ba ta jure tsayuwa a rana ba ruwa. Shi ya sa na ga ya dace in tattaro abin da ya kamata direba, yaron mota da mai kaya su sani game da ƙarar nan ta "ƙas-ƙas-ƙas" da ke fitowa daga saman inji.

Daga ina ƙarar take fitowa?

A irin waɗannan injinan, kamshaf yana ƙasa. Shi ke ɗaga tafet, tafet ya tura fushrod, fushrod ya ɗaga gefe ɗaya na roka-am, ɗaya gefen kuma ya danna kan bawul ya buɗe. Tsakanin roka-am da kan bawul akwai 'yar tazara da kamfani ya bari da gangan, saboda ƙarfe yana miƙewa in ya ɗau zafi. Daidaita wannan tazarar shi ne abin da makanikai ke kira saitin tafet.

In tazarar ta yi yawa, roka-am zai riƙa dukan kan bawul, ka ji ƙara, bawul ya buɗe a makare, mota ta rage ƙarfi a hawa. In ta yi kaɗan kuwa ba za ka ji komai ba, kuma wannan ya fi haɗari. Bawul ɗin salansa yana huce zafinsa ne lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. In bai rufe sosai ba, wuta za ta riƙa bi ta gefensa har ya ƙone, kwamfireshan ya zube, mota ta riƙa wuyar tashi da safe. Don haka kada wani ya ɗaure maka tafet tam don kawai inji ya yi shiru.

Yadda za ka bambance ta da sauran ƙararraki

Ka bar inji a sulo, ka ɗora bakin dogon sukudireba a kan murfin bawul, ka kanga kunnenka a ƙotarsa. Ka kula da fanka da bel, kada babbar riga ta yi kusa da su.

1. Ƙarar bawul siririya ce, daga sama take, kuma saurinta rabin juyin inji ne, don kamshaf juyi ɗaya yake yi in karanshaf ya yi biyu.

2. Ƙarar nozul ta fi kaifi. In makanike ya ɗan sassauta notin bututun nozul ɗaya-ɗaya, ƙarar za ta ɗauke a silindar da ke da matsalar. Ta bawul ba ta ɗaukewa. Kada a sa hannu kusa da gas ɗin da ke fesowa, yana iya huda fata.

3. Gasket ɗin manifol na salansa in ya fashe, shi ma yana wannan ƙara, musamman da sanyin safiya. Duba ka ga ko akwai baƙin hayaƙi da ya manne a wurin.

4. In ƙarar mai nauyi ce, daga ƙasa take, tana ƙaruwa in an taka totur, kuma allurar bakin mai ta faɗi, wannan metal ne. Kashe injin nan take, kar ka ce bari in lallaɓa zuwa Lokoja.

Yadda ake saitin

Ana buƙatar fila-geji, sifana da sukudireba. Sai ka fara sanin awon injinka. Injin Mercedes OM352 marar tobo, mai silinda shida, ana ba bawul ɗin shan iska milimita 0.20, na salansa 0.30, inji yana sanyi. OM366 da ya biyo bayansa kuwa 0.40 da 0.60 ne. Ka ga kamfani ɗaya, amma awon ya ninka. Saboda haka kar a ɗauki awon wata mota a sa wa DAF ko MAN, a duba littafin injin ko farantin da ke jikinsa.

Waɗannan injinan suna tashin wuta ne a jerin 1-5-3-6-2-4, kuma fistin suna tafiya biyu-biyu: 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4. Bayan ka cire murfi, ka juya inji da hannu ta inda ya saba juyawa, idonka a kan silinda ta 6. Za ka ga lokacin da bawul ɗin salansa ke gama rufewa, na iska kuma yana fara buɗewa, dukansu suna motsi tare. A nan ka tsaya, domin bawulolin silinda ta 1 duk a rufe suke, su za ka saita. Sai ka ci gaba haka: in 2 na motsi ka saita 5, in 4 ka saita 3, in 1 ka saita 6, in 5 ka saita 2, in 3 ka saita 4. Juyi biyu na karanshaf, an gama duka shida.

A kowane bawul, sassauta noti, zura fila-geji, juya sukurun har ka ji gejin yana shiga da ɗan ja, ba da ƙarfi ba, ba kuma sako-sako ba. Riƙe sukurun da sukudireba ka ɗaure notin, sannan ka sake aunawa, don ɗaurin yakan gusar da shi.

In an saita ƙarar ba ta tafi ba

Duba bakin roka-am. In ya cinye ya yi rami, gejin zai hau gefen ramin ya nuna maka daidai, alhali tazarar ta fi haka. Ciro fushrod ka mirgina shi a kan gilashi, in ya lanƙwashe za ka gani. Duba kuma ko bakin mai yana hawowa saman, don roka-am da ya bushe ba ya daɗewa. Tazarar da kullum ke buɗewa bayan saiti tana nuna kamshaf ko tafet na cinyewa. Wadda kullum ke tsukewa tana nuna bawul na nutsewa a mazauninsa, sai an sauke tof.

Injinan da ke da birkin inji a saman tof, ko nozul da kamshaf ke dannawa, suna da ƙarin saiti na daban. Waɗannan a kai su wurin wanda ya san su.

Shawarata ga 'yan uwa masu ɗaukar shatar mota ita ce, kafin a fara loda shanu, ku sa a tayar da injin ku saurara, ku kuma tambayi direba yaushe aka yi saitin tafet na ƙarshe. Aikin awa ɗaya ko biyu ne a gareji, kuma kuɗinsa bai kai kuɗin maraƙi ɗaya ba. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a nema.